Makullin Arzika

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon tela, duk wanda ya zauna sai ya ce, "Injiniya, yaya ƙasar Faransanci?" Wani ya tambayi kilishi, wani ya tambayi ko gaskiya ne jandarmominsu ba sa dariya. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, musamman da yake kullum ina tsallake wurin da ban yi kyau ba. To yau ga shi nan gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ga wanda bai sani ba, sana'ata haɗa kwamfutoci da kyamarorin tsaro, da bin sawun matsala idan netwok ya ƙi. Cikin masu ba ni aiki akwai Alhaji Sabo, ɗan kasuwar wake. Yana da sito a Kore Mairuwa, cikin ƙasar Arawa da ake kira Arewa, kudu da Dogon Dutsi, inda ake tara masa wake da kaka kafin a lodo shi Kano. Ofishinsa na can yana bakin titi, siton kuma yana bayan gari, tazarar da ta ɗan haura kilomita ɗaya. Da daminar bana ya ce yana so ya riƙa ganin sitonsa a waya yana kwance a falonsa. Ni na tsara aikin ina zaune a shagona. Eriya biyu masu kama da faranti, ɗaya a saman ofis, ɗaya a saman sito, suna kallon juna. Hoton kyamarorin sito ya tsallaka ta tsakaninsu zuwa ofis, daga nan intanet ya kawo shi Kano. Na'urar da ke adana hoton kuwa na ce a ajiye ta a ofis, kada mai tsaron sito ya samu damar taɓa ta. Ban san mutumin ba, amma haka sana'armu ta horar da mu, kowa abin zargi ne sai an gwada shi. Wani ma'aikaci na can ya ɗora kayan, ya turo mini hotunan wurin a waya, na duba na ce ya yi.

Wata biyu abu yana tafiya lafiya lau. Wake na fara shiga sito, sai hoto ya fara yankewa. Da farko minti biyar, daga baya awa guda, har ta kai ana wuni ba a ga komai ba. Alhaji ya kira ni gidansa, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba.

"Injiniya, ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa abin nan bai lalace ba sai da wake ya cika sito? Akwai wani Arzika, shi ke riƙe da makulli shekara goma sha biyu. Ka je ka gano mini. In hannunsa ne, a karɓe makullin, sauran kuma jandarma su ji da shi."

Na ce to. A raina kuwa na riga na yanke wa Arzika hukunci tun ban ɗaure jakata ba.

Ta Katsina na bi, na shiga ta Jibiya. A ɓangarenmu ba a tsayar da ni da yawa ba. A nasu ɓangaren ne wani jandarma dogo, siriri, ya sa na zazzage jakata a kan benci. Ya ɗauki kwamfuta ya ajiye, ya ɗauki kebul ya ajiye, sai ya zo kan 'yar na'urar da nake gwada kebul da ita, mai fitilu takwas a jere. Tsautsayi ya sa yatsansa ya danna maɓallin, fitilun suka fara ƙiftawa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ke layi a bayana suka ja da baya.

"Wanga mi na?" in ji shi, ya riƙe ta nesa da jikinsa.

Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, ban san na Faransanci ba. Ƙarshe sai da na zaro kebul na soka mata a gabansa, na nuna masa yadda take gaya mini ko waya ta tsinke a ciki. Ya kira wani, wancan ma ya kira wani. Kusan awa biyu na yi a kan bencin nan. Ba su ci mini mutunci ba, ruwa ma suka ba ni, amma kowace takarda tawa sai da aka karanta ta gaba da baya. Amsar tambayarku ke nan: suna dariya, amma sai bayan sun gama da kai.

A Maradi na kwana, da safe na shiga mota mai zuwa yamma. A nan na fara gane cewa yadda nake kallon mutane haka su ma suke kallona. Wata Hajiya mai fataucin atamfa da ke gefena muna ta hira, har ta ba ni dabino. Tana jin cewa ni ɗan Najeriya ne kuma aikina kwamfuta, sai ta zare wayarta daga cinya ta tura ta can cikin jaka ta ja zif. Na ce, "Hajiya, ai ba a shiga waya da ido." Ta ce, "Ku? Ku kuna iyawa." Daga nan har Konni ba ta ƙara ba ni dabino ba.

Kusa da Ɗan Kassari taya ta fashe. A Kano da tuni an fara zagin direba da iyayen mai motar. Nan kuwa kowa ya sauka ya nemi inuwa, wani ya fito da ɗan murhun waya da buta ya ɗora shayi, kamar dama fitowa aka yi shan iska. Shayin nasu a ɗan kofin gilashi ne da bai kai tsawon yatsa ba, baƙi ƙirin, ga ɗaci ga sukari. Na kurɓe nawa na tashi, sai aka ce in zauna, saura na biyu da na uku. Ni dai idona yana kan jakata da ke cikin mota. Sau uku ina komawa in leƙa ta taga, har wani dattijo mai amalanken jaki da ya tsaya kallo ya ce mini, "Zamna, baƙo. Ba mai ɗaukar kayanka, nauyi garai."

Da la'asar muka shiga Dogon Dutsi. Laminu, shugaban ofishin Alhaji, ya tarbe ni a tasha a kan babur. Saurayi ne mai tsabta, gemu a gyare, wando bai kai idon sawu ba, magana kuma rabi Hausa rabi Faransanci. Ya sauke ni a wani ɗakin baƙi na gidan abokinsa, ya kawo mini dambu da zogale da aka kwaɗa da ƙuli, wanda suke kira kopto, da burodinsu dogo kamar sanda. Burodin nan sai da ya kankare mini dasashi. Kopton kuwa na cinye na suɗe kwano, ba zan yi masa ƙarya ba.

Muna ci na fara bugun cikinsa game da Arzika. Bai ce ɓarawo ne ba. Cewa ya yi, "Tsohon ba ni da matsala da shi. Amma gidansu har yau ba su bar al'adun da ba. Innarshi 'yar bori ta. Mutumen da ba ya tsoron shirka, mi za shi tsoro?" Na gyaɗa kai. Abin da nake so in ji ke nan, don haka ban tambaye shi ko an taɓa rasa ko da mudu ɗaya a siton ba.

Washegari muka tafi Kore Mairuwa. Na fara da ofis, wanda su ke kira biro. Ina zama a gaban kwamfutarsu na buga kalmar sirrin da ni da kaina na sa wa na'urar adana hoto, ta ce ba daidai ba. Na sake, ta ƙi. A na uku ta kulle ni waje. Na juyo na kalli Laminu da ido ja na ce wa ya canza. Ya rantse bai taɓa ba. Sai da na sunkuyar da kai na kalli madannan sosai na ga ashe irin na Faransa ne, inda muke da wannan harafi su wani ne a wurin. Yatsuna suna buga abin da suka saba, kwamfuta tana rubuta wani abu dabam. Na yi tari na ce na'urar ce ke da nauyi.

Da na samu shiga, sai na tarar da abin da ya tayar mini da hankali da gaske. Waya goma sha bakwai ne a kan wayifai ɗin ofis, alhali ma'aikata uku ne. Ban sha wahalar bincike ba, kalmar sirrin tana rubuce da alli a jikin ƙofa, da manyan baƙi.

"Laminu, wannan fa?"

"A, kod ɗin? Samarin fada na, masu shan shayi nan bakin titi, da 'yan masallacinmu. Maƙwabci ya roƙe ka rezo ka hana shi? Kamar ruwa na." Rezo suke ce wa netwok.

Na yi masa wa'azin da ya fi nasa tsawo. Na goge allin, na canza kalmar sirri, na ware wa maƙwabta hanyarsu dabam wadda ba ta isa wurin kyamarori, na canza ta kyamarorin ma. Na zauna ina jiran hoto ya daidaita. Ya zo, ya yi minti goma, ya ɗauke. Ke nan ba samarin fada ba ne. Na duba ƙarfin siginar da ke tsakanin eriyoyin biyu, na ga ta faɗi warwas idan aka gwada da ranar da aka ɗora su. A sanina abu biyu ke kawo haka: ko kebul ya lalace, ko wani ya karkatar da faranti.

Muka hau babur zuwa sito. Arzika yana zaune a bakin ƙofa a kan buhu yana ɗinke wani da basilla. Zai yi shekara sittin, gajere, baƙi, da tsagar Arawa a kumatu, makulli uku a rataye a wuyansa da igiyar fata. Ya miƙe ya karɓi jakata da hannu biyu, ya yi ta jero gaisuwa, gida, iyali, gajiya, mutanen Kano, har na ƙosa. Ya aika aka kawo mini fura a ƙwarya. Na sha, amma a raina ina cewa wannan ladabi ya yi yawa.

Na gwada kebul, lafiyarsa ƙalau. Na soka kwamfutata a eriyar sito na buɗe tarihinta, inda take rubuta duk abin da ya same ta. Murna ta kama ni, Allah ya yafe mini. An kashe ta an kunna ba sau ɗaya ba, ba sau ashirin ba, kuma duk a makonnin da hoto ke yankewa. Na leƙa bayan sito, ga tsani a jingine daidai ƙarƙashin farantin. Biri ya yi kama da mutum.

"Baba, wa ke kashe na'urar nan?"

"Ni na," in ji shi, ko ɗar bai yi ba. "Tekinisiyen da ya zaka, shi yac ce min in ta yi fan, ta ƙi aiki, in kashe in kunna. Duk sa'ad da Laminu ya kira yac ce hoto ya tahi, sai in kashe in kunna."

"Tsanin fa?"

"Tsuntsaye ka ɓata hwarantin. Ina hawa in shahe shi da tsumma."

Amsoshin sun yi santsi da yawa. Na ce a raina wanda ya shirya ƙarya ne kaɗai ke amsawa ba tare da ya yi tunani ba. Ya kamata in hau tsanin nan in duba da idona, na sani. Amma kun san jikina, kun kuma san ni da bisa ba ma ga maciji. Tsanin na itace ne an ɗaure shi da igiya. Na dube shi, na dubi cikina, na ce ba sai na hau ba, lambobi sun isa shaida.

Da yamma na kira Alhaji. Ban ce Arzika ya saci wake ba, wannan zan iya rantsewa. Abin da na ce shi ne, "Alhaji, akwai hannun mutum, kuma mutum ɗaya ne ke kwana da makulli." Na ɗauka zai jira in gama bincike. Magana zarar bunu ce.

Kashegari ranar kasuwar garin ce. Siton yana kan hanyar da amalanke da masu jakai ke bi, ga manoma sun kawo wake suna jiran awo. Ina tsaye a gefe Laminu ya sauka daga babur, ya ce Alhaji ya ba da umarni a karɓi makulli har sai an gama bincike. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Arzika ya kalle shi, ya juyo ya kalle ni. Ya cire igiyar daga wuyansa, sai da ta maƙale a hularsa ta faɗi ƙasa. Ya miƙa makullan, ya ɗauki hular ya kakkaɓe, ya ɗauki basillarsa, ya bi ta tsakiyar mutane ya tafi. Wata mata mai tallan ƙosai ta ce, "Arzika? Arzika na anka amshe ma makulli?"

Na lallashi kaina da cewa aiki ne. Na sa Laminu ya kulle ɗakin batir, inda ake kashe eriyar a kunna, da sabon kwaɗo, ya kwantar da tsanin ya ɗaure shi da sarƙa. Yanzu ba mai iya taɓa komai. Na koma ofis na zauna a gaban allo ina jiran in ga hoto ya tsaya cak, in kira Alhaji in karɓi yabo.

Hoto ya ɗauke kafin azahar. Ya dawo, ya sake ɗaukewa. Washegari da hantsi, da iska ta ɗan taso, ya tafi gaba ɗaya. Na kira Laminu na ce ko tsohon yana da wani makullin. Muka je, kwaɗo yana nan yadda muka bar shi, tsani yana kwance, tarihin eriya ya nuna ba wanda ya kashe ta tun jiya. Ba sauran wanda zan zarga a garin.

Na ce a kwance tsanin. Laminu da wani mai awo suka riƙe mini shi, na hau ina salati. Na isa sama na rungume ƙarfen eriya. Farantin yana nan daram, ƙusoshinsa ko motsi ba su yi ba, an goge shi tas yana sheƙi. Na sa fuskata a bayansa na kalli inda yake kallo, inda ya kamata in hango rufin ofis. Ban ga ofis ba. Wata ƙatuwar bishiya na gani a tsakiyar wata gona, ta yi kore shar, ta cika hanyar gaba ɗaya, rassanta suna kaɗawa.

Ina maƙale a wurin na zaro waya na nemo hotunan da aka turo mini da damina. Ga gero kore, ga rufin ofis can nesa ana hango shi sarai. Ga kuma bishiyar a tsakiya, tsirara, ba ganye ko ɗaya, rassa kamar ƙashi. Na tuna ranar da na ga hoton a shagona. Na ce bishiyar da ta bushe a tsakiyar damina ai matacciya ce, sigina za ta ratsa ta, ko kiran mai ɗora kayan ban yi ba in tambaya.

Na sauko na nuna wa Laminu. Ya kalli hoton, ya kalli bishiyar, ya kalle ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa.

"Gawo na, Injiniya. Ba ku da gawo Kano? Da damana shi ka zubda ganye, in ruwa ya ɗauke shi toho. Ko yaro ya san wanga."

"Ganye yana tare sigina, Laminu. Ɗanyen ganye ruwa ne a cikinsa."

"To ai wanga mu ba mu sani ba."

Shi ke nan duk abin da ya faru. Su sun san gawo ba su san sigina ba, ni na san sigina, kuma an haife ni a Fagge, gonar da na sani ita ce ta cikin littafin firamare. Gawon ya fara toho daidai lokacin da ake roron wake, shi ya sa hoto ya fara yankewa da wake ya fara shiga sito. Kullum ganye na ƙaruwa, kullum Arzika na kashewa yana kunnawa yana hawa tsani da tsumma, yana ƙoƙarin gyara kuskurena.

Laminu ya ce a kawo gatari. Mai gonar da aka kira ya ce ko reshe ba za a taɓa ba, aljana doguwa ce a ciki tun zamanin kakansa. Laminu ya harzuƙa ya fara jawo ayoyi, sai mai awo ya tuna masa cewa ko babu doguwa akwai ma'aikatan gandun daji, kuma sare gawo a ƙasar nan ba wasa ba ne. Na raba gardamar na ce ba sai an taɓa bishiya ba. Idan aka ƙara wa eriyar sito tsawon ƙarfe aka matsar da ita ɗaya kusurwar rufin, za ta hango ofis ta gefen gawon. Aikin yini ɗaya ne da mai walda.

A nan Shaiɗan ya zo mini, kuma da bakin Laminu ya zo, ko da yake shi da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ya ja ni gefe ya ce, "Bon, a gyara kawai. Alhaji ya ga hoto ya dawo, hankalinai ya kwanta. Tsohon kuma daga baya a san yadda anka yi." Na gane abin da hakan ke nufi. An kori Arzika jiya, hoto ya dawo yau, Alhaji zai haɗa biyun da kansa ba sai na yi ƙarya ba. Sunana zai fita fes, har da ƙarin aiki. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi sallar la'asar da wannan tunanin a raina, ban san ma surar da na karanta ba.

Na kira Alhaji kafin a taɓa ƙarfe. Na gaya masa komai, har da hoton damina. Da na gama ya ce, "Wato kai da digirinka bishiya ba ka sani ba." Ya faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. A ƙarshe ya ce a mayar wa mutumin makullinsa a ba shi haƙuri.

Muka je gidan Arzika ni da Laminu. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya sake jero gaisuwar nan tasa ba abin da ya rage. Na durƙusa na yi bayani, na ce laifina ne, na roƙi gafara. Ya saurara har na gama. Laminu ya ajiye makullan a gabansa. Bai taɓa su ba.

"Ɗan Kano, na ji, kuma na yahe ma. Amma ɗiyata ta tahi rijiya jiya, mata sunka yi shiru da ta iso. Makullin da anka amsa gaban kasuwa, ba cikin zaure a ka maishe shi ba."

Kasuwa sai mako ya zagayo. Na riga na shirya komawa, ga ayyuka suna jirana, ga matata tana kira. Na zauna. Muka ɗaga eriya, hoto ya dawo tar, ko ƙiftawa ba ya yi. Sauran kwanakin na yi su a ɗakin baƙi ina cin kopto, ina koya wa Laminu yadda zai riƙa duba ƙarfin sigina da kansa. Samarin fada sun daina gaishe ni saboda rezonsu ya rage gudu. Duk inda na bi a Kore Mairuwa ana nuna ni da baki.

Ranar kasuwa ta zo. Mutane sun fi na wancan makon, don labari ya zaga. Na hau kan sikelin awo don a gan ni, allurarsa ta juya har ƙarshe, aka fara dariya tun ban buɗe baki ba. Na ce jama'a, ni ne baƙon da ya sa aka karɓi makullin Baba Arzika. Na ce bai taɓa komai ba, gyara yake yi. Na ce ni ne na ga gawo da damina na ce ya mutu. Nan fa wuri ya kece. Wani tsoho ya riƙe ciki yana cewa a maimaita masa, mai ƙosai ta yi guɗa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san ko rabin ta Arzika ba ta kai ba.

Laminu ya miƙa makullan da hannu biyu. Arzika ya karɓa, ya ɗaga su sama ya juya dama da hagu har kowa ya gani. Ya je ya buɗe ƙofar siton ya wangale ta, buhuna a jere har rufi, ya tsaya gefe don masu son leƙawa su leƙa. Na sauke ajiyar zuciya, na ce alhamdu lillahi an wuce wurin.

Sai ya dawo ya kamo hannun Laminu, ya sa masa makullan a tafi, ya naɗe masa yatsu a kansu.

"Na amshi sunana," in ji shi. "Makulli kuwa, ku ba wani."

Na bi shi har bakin hanya ina Baba, Baba. Ya tsaya ya dafa kafaɗata, ya ce in gaida mutanen Kano, Allah ya kai ni gida lafiya. Alhaji ya kira shi sau uku a ranar, ya ƙara masa albashi a waya, ya ce a'a, gona ta ishe shi.

Na dawo ta hanyar da na bi, jandarman nan har ya gane ni ya tambayi lafiyar mai fitilu. Aikin kuwa ba abin da za a ce, tun daga ranar hoto bai sake yankewa ba ko na minti ɗaya. Har yanzu siton yana cikin wayata, don ni ke kula da shi. Kullum da safe ina buɗewa in duba ko komai lafiya, in ga wani mutum da ban sani ba yana buɗe ƙofar.